Kuɓewa a Kan Farantan Sola

A gidanmu na Fadikpe komai da lokacinsa. A ci tuwo, a wanke kwanuka, a ɗaure awaki, sannan Kaka ta jawo kujerarta bakin murhu, mu jikoki mu zauna, manya a baya, ƙanana a gaba. Wanda ya makara ba a maimaita masa. Daga wajen Paiko Kaka ta fito, Hausarta ba ta kai ta 'yan kasuwa ba, amma ba ta taɓa kawo ƙarshen labari kafin farkonsa ba.

"Ga ta nan tafe, mai ƙaiƙayi ya sosa tun yanzu," haka take farawa.

Tatsuniyar da ta zauna mini ita ce ta wani falalen dutse, abokin Rana. Kullum Rana za ta tsaya ta dubi fuskarsa, shi kuma ya sha haskenta ya ƙoshi, in duhu ya yi ya haskaka garin. Sharaɗi ɗaya ne: kada a rufe masa fuska. Wata rana wata mata ta baza barkononta a gefe, ta ce ai ɗan gefe ne. Ta biyu ta kawo rogo. Kafin a kai kaka uku, dutsen ya rufe ruf. Rana ta zo, ba ta ga abokinta ba, ta ɗauka ya yi ƙaura, ta wuce. Garin ya zauna cikin duhu.

Na ce, "Kaka, laifin ta farko ne ko ta ƙarshe?"

Ta ce, "Kai maigidan nan nawa, alƙali za ka zama? Laifin wanda ya gani ya wuce ne."

Yanzu na haura hamsin. Unguwarmu ta samu ƙaramar tashar sola a kan wani dutse, ita ke jan ruwan bohol, ita ke ba gidaje wuta. Ni aka ɗora wa kula da ita. Injiniyan da ya kafa ta ya gaya mini a fili: ko gefen farantin sola ɗaya aka rufe, ƙarfin layin gaba ɗaya zai ragu, kuma in batura suka yi ta kwana ba caji, mutuwa za su yi, famfo ya tsaya.

Na rubuta dokar hana ɗora komai a kan farantan na manna. Na sa aka sanar a masallaci da coci. Na ɗaura waya na kewaye wurin. Duk da haka tanki ya daina cika. Ranar wata Laraba da azahar na je, na tarar da yankakkiyar kuɓewa shanye a kan faranti shida. Ta Yaya Ladi ce, wadda ta goya ni.

Na ce, "Yaya, ba ki ga takardar ba?"

Ta ce, "Na gani, Danjuma. Takardar ce za ta busar mini da kuɓewa? A kan dutsen nan uwarmu ta yi shanya, nan na yi tun kana tafiya ba wando. Kun zo kun kafa gilashinku a kai, wa kuka tambaya? Kuma gilashin ya fi dutsen zafi, Allah ya yi muku albarka."

Gaskiya ce, ba mu tambayi kowa ba. Maza bakwai muka zaɓi wurin, don fili ne babu inuwa, babu wanda ya tuna me ya sa ba a taɓa gina komai a kansa ba.

Na kwashe kuɓewar a buhu, na kai mata gida. Na ƙi in gani in wuce, kamar yadda aka koya mini. Tanki ya koma cika. Amma abin da ke cin raina shi ne, Kaka ba ta taɓa faɗin inda matan garin cikin tatsuniyar za su yi shanya ba, mu ma ba mu tambaya ba. Sau uku na kai maganar a yi wa mata dandamalin shanya gaban kwamiti, sau uku ana ɗagawa. Yaya Ladi tana zuwa ɗibar ruwa kowace safiya. In na gaishe ta, bokitinta take kallo.