Malama Thavamani, Wadda Ta Ƙi Yi Wa Uwa Ƙarya

Kafin rana ta ɗago kan giginyoyin garinmu Jaffna, Malama Thavamani ta riga ta share tsakar gida, ta ja ruwa a rijiya, ta ɗora shayi. Sai ta zauna a dakali, ta buɗe littafi a cinya, ta fara karatu da ƙarfi. Maƙwabta sun san idonta ya daina ganin baƙi tun bara. Littafin riƙe shi kawai take yi, maganar daga ka take fitowa. Wata rana muryar sarki ce, wata rana ta mahaukaci, wata rana ta yarinya mai kuka. Mai tallar kifi yakan tsayar da kekensa ya leƙo ta kan shinge.

"Malama, yau wa aka kashe?"

"Da saura, thambi," takan ce, wato ƙane a harshenmu, "sai ƙarshen wasa. Kifin nan na yau ne ko na shekaranjiya?"

A ƙarshen zangon nan ta ajiye alli. Ta haura shekara talatin tana koyar da adabin Turanci a makarantar unguwarmu, kuma kusan duk ƙarfinta a kan mutum ɗaya ya ƙare: marubucin wasan kwaikwayon nan na Ingila da ya mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce, wanda har yau yara ke zufa a kansa ranar jarrabawa. Ba ta cika kiran sunansa ba. "Tsohon" take ce masa, kamar wani kawunta mai yawan surutu.

A ɗakin malamai tana da abokin gardama, Malam Veluppillai na lissafi. Shi ya karanta wani littafi da ya ce ba Tsohon ne ya rubuta wasannin ba, kuma tun daga ranar bai bar ta ta sha shayi lafiya ba.

"Akka," yakan ce, wato yaya, "ki duba mana. Ɗan mai ɗinkin safar hannu, bai taka jami'a ba, ina ya san yadda sarakuna ke magana a cikin ɗaki? Wani basarake ne ya rubuta, ya laɓe a bayansa."

"Kai babanka taba yake nomawa, ga ka nan kana koyar da lissafi. Wane basarake ne yake yi maka a ɓoye?"

Labarin da ɗalibai suka fi so shi ne na shekarun da Tsohon ya ɓace. Takan gaya musu cewa akwai kamar shekara bakwai da ba wanda ya san inda ya shiga. Wasu sun ce barewar wani attajiri ya harbe ya gudu, wasu sun ce koyarwa ya yi a wani ƙauye, wasu sun ce soja ya shiga. Sai kawai aka gan shi a London yana rubuta wasa. Wani ɗalibinta mai suna Mathivanan, dogo mai baki kamar reza, ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malama, ni na san inda ya je. Jaffna ya zo shan mangwaro." Ajin ya kwashe da dariya, ita ma sai da ta juya ta kalli allo.

A cikin yaƙi ake wannan dariyar. Babu wuta, babu fetur, kananzir sai mai rabo. Da aka ce kowa ya bar gari, muka fita cikin ruwan sama, dubbai a kan hanya ɗaya, tsofaffi suna faɗuwa a gefen titi ba mai iya tsayawa. Malama ta ɗauki tukunya ɗaya da littafi ɗaya. A harabar wani haikali a garin Chavakachcheri muka zube, mutane kwance kamar an shanya barkono, gudawa tana ɗaukar yara. Sai ta tara ɗalibanta da ta iya samu ta ce za a yi wasa. Wani dattijo ya ce mata, "Malama, ana binne mutane ke kina neman wasa?" Ta ce, "Waɗanda ba a binne ba nake nema wa."

An rataya zannuwa a igiya suka zama labule. Ta zaɓi wasan ban dariya, tana juya shi zuwa Tamil baki da baki. Mathivanan ya saƙa kan jaki da ganyen giginya ya kifa a kansa, ya dinga tinƙaho yana neman a sosa masa kunne. Waɗanda suka ga wasan nan har yau suna faɗa: matan da suka yi makonni ba su buɗe baki ba sun yi dariya har da riƙe ciki. Uwarsa Rasamma, mai suyar ƙosai a tashar mota, tana gaba tana nuna shi tana cewa, "Nawa ne wannan jakin, ni na haife shi."

Bayan an koma gida da wasu watanni, Mathivanan ya fito da safe zai je makaranta gwajin wani wasan. A shingen bincike aka sauke shi daga keke. Masu shago sun ga an ɗaure masa ido an sa shi a mota. Keken ya yini a jingine jikin katanga, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa shi.

Rasamma ba ta jin yaren masu bindiga, ba ta jin Turanci. Washegari Malama ta ɗauki laima ta je ƙofarta ta ce, "Tashi, akka, mu tafi. Ke ki faɗa, ni in juya." Daga nan suka fara. Sansani bayan sansani, ofis bayan ofis, su tsaya a rana da hoton yaron har inuwa ta juya. Nan a ce ba a taɓa jin sunan ba. Can a ce an sake shi tun tuni, wataƙila ya gudu Indiya. Wani mai muƙami ya taɓa duban Malama ya ce, "Turancinki ya fi nawa kyau. Ki koma aji kafin ɗalibanki su rasa malama." Ta gode masa, ta sake maimaita tambayar. Bayan kwana kaɗan ta tashi ta tarar da karenta a mace bakin rijiya, kumfa a baki. Ta binne shi a gindin zogale, ta wanke hannu, ta ɗauki laima.

A hanya Rasamma takan ce, "Yaron ya ba ni labarin Baturen nan naki. Ya ce shi ma shekara bakwai ya ɓata, ya dawo ya yi suna." Malama takan gyara riƙon laima, ta bar ta da zancen. Barin ta da zancen nan ya daɗe yana cin ta.

Da shekara ta bakwai ta kama, Rasamma ta shafe ɗakin ɗanta da farar ƙasa, ta sayi sabuwar riga ta rataye. Ran nan ta zo gidan Malama da rana tsaka, ta ƙi zama.

"Ke ce mai ilimi. Ki dube ni ki faɗa mini. Baturen nan ya dawo ko bai dawo ba?"

Malama ta ce, "Akka, shi ba ɗauke shi aka yi ba. Mu ne da muka zo daga baya ba mu san inda ya zauna ba. Mai yiwuwa uwarsa ta san inda yake kwana kullum. Labarinsa daban, na Mathivanan daban. Ban sani ba ko ɗanki yana da rai. Da na sani da na gaya miki."

Rasamma ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Labarin nan kaɗai ya rage mini. Da kin bar ni da shi." Ta juya ta fita.

Malam Veluppillai da ya ji, ransa ya ɓaci. "Akka, me zai ragu a jikinki da kin ce mata e? Kalma ɗaya."

"Duk ƙofar da muka je ƙarya aka yi mata," in ji Malama. "In ni ma na yi, wa ya rage mata?"

Watanni Rasamma ba ta amsa gaisuwarta. Duk da haka, ranar da suka saba fita Malama takan je ta tsaya a ƙofar. In ba a buɗe ba, sai ta wuce ita kaɗai da hoton yaron da ke hannunta. Mutanen unguwa sun gani, wasu suna cewa taurin kai ne, wasu suna kawar da ido don kunya.

Wata rana da yamma ana gwaji a makaranta, wata yarinya tana fitowa a matsayin uwar da aka raba da ɗanta, sai aka ga Rasamma tsaye a taga. Da Turanci ake yi, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ba ta motsa ba har aka gama. Da yara suka watse ta shigo.

"Wa ya gaya wa Baturen nan haka abin yake?"

"Shi ma ya rasa ɗa," in ji Malama. "Yaron yana da shekara goma sha ɗaya. Wasu masana sun ce daga nan ne rubutunsa ya yi nauyi. Wasu sun ce ba haka ba ne."

"Ya ga gawar?"

"Ba a tabbatar ba. Aikinsa a London yake, yaron kuma a gida ya rasu."

"To matarsa ta gani," in ji Rasamma. "Ta wanke shi, ta san inda yake. Ta fi ni." Ta gyara zanenta a kafaɗa. "Gobe ki zo da wuri. An ce rana za ta yi zafi."

Mathivanan bai dawo ba. Yaƙi ya ƙare, an gyara tituna, an buɗe shagunan waya, kwamitocin binciken waɗanda suka ɓata sun zo sun tafi. Rasamma ta shiga cikin iyayen da ke zama a bakin titi riƙe da hotuna, kuma duk wanda ya wuce zai ga farar furfurar Malama a gefenta.

Malama Thavamani, ke ce kika sa mu dariya a ranar da muka manta yadda ake yi. Ke ce kika koya wa 'ya'yan masunta da manoman albasa cewa maganar wani Bature da ya mutu tun tuni tasu ce, su juya ta yadda suke so. Ke ce bakin wadda ba a jin yarenta. Ba ki haihu ba, amma kin fi shekara ashirin kina neman ɗan wata. Giginya, ba kya sunkuyo don iska. An ba ki dama ki sayi zaman lafiya da kalma ɗaya, kika ƙi, kika ɗauki fushin matar da kika fi kowa tausaya wa.

Ranar bikin sallamarta kujeru da yawa babu kowa. Ɗalibanta na wancan zamani wasu suna Toronto, wasu suna London, wasu suna ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma ba a san a wane layi za a sa su ba. Aka rataya mata furanni, aka yafa mata mayafin girma. Shugaban makaranta ya ce da takaici baɗi ba za a yi wasa ba, don babu mai ɗauka. Sai wata tsohuwar ɗalibarta, Kalaivani, ta miƙe a kan sandarta, ma'aikaciyar jinya ce yanzu, nakiya ta ɗauke mata ƙafa ɗaya tun tana aji biyar. Ta ce ita za ta riƙa zuwa ranar Asabar.

"Ke da ba ki taɓa haddace maganarki daidai ba?" in ji Malama.

"Shi ya sa zan sa wasu su haddace, Malama."

Mun gode, Malama, godiyar da ta zo a makare, daga mutanen da suka leƙa ta taga lokacin da kike wucewa da laima. Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya Turanci ba, ba sai kun san Tsohon ba. A kowace unguwa akwai mai tsayuwa a wata ƙofa shi kaɗai. Ku je ku tsaya tare da shi, kuma in ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba.

Ranar Litinin wani sabon kwamiti zai zauna a gari don sauraron iyaye. Rasamma ta kusa tamanin, ƙafa ta ƙi, amma ta ce za ta je. Malama ma ta ce za ta je. Suna neman wanda zai riƙe musu hannu su tsallaka titi.