Sandar da Na Ja wa Malamina

Aikin da aka ba ni don kammala digiri na biyu ƙirga ne zalla. In tattaro mujallun ilimin laburare na 'yan shekarun nan, in bi su maƙala bayan maƙala, in gano wa ya rubuta, kan me, kuma wa ya fi kowa yawan rubutu. Lokacin ina riƙe da laburaren wata sakandare a Safana, ina kwana gida Batsari, sabis ɗin waya kuwa sai ya ga dama. Maƙala ɗaya takan cinye min hutun tara kafin ta sauka. Na yi tsaki har na gaji.

Sai na sami babban littafi na jera sunaye, kowace maƙala in ja wa mai ita sanda ɗaya, yadda ake ƙirga buhunan gyaɗa. Tun farko malamin da ke duba aikina ya kafa min doka: idan sunaye sun yi yawa a kan maƙala, na farko kaɗai ake ja wa. Har murna na yi, don an rage min wahala.

Ana nan sai na ci karo da tawa.

Ita kaɗai gare ni a duniya. Na rubuta ta ne kan yadda manoman Tsaskiya ke samun labarin iri da taki. Damina guda na yi ina kutsa babur cikin laka, ina bin mutane gona, wasu su amsa, wasu su ɗauka ni mai rabon taki ne. Da zan aika da ita na nuna wa Baba, wanda ke koyarwa a Islamiyya. Ya ce, "Kai kuwa, ya za ka shiga gaban malaminka? Sa shi a sama, albarka kake nema." Na sa shi. Malamin, wato mai duba aikin nan nawa, ko waƙafi bai ƙara ba.

Da na duba littafina, sai na ga malamina da wata farfesa sun yi kunnen doki a sama. Maƙalata ce za ta raba su. Na kira shi.

"Ranka ya daɗe, wannan ta Tsaskiya fa, wa zan ja wa?"

"Wa ke farko?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"To, me kake tambaya? In ka canja wa ɗaya, sai ka canja wa duka."

Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ya faɗa. Canja wa duka na nufin in koma farko, lokacin miƙa aiki kuma ya ƙarato.

Na ja masa sandar da hannuna. A babi na huɗu na rubuta cewa bincike ya nuna shi ne ya fi kowa himma. Jadawalin ya cika shafi uku, na bi shi da yatsa har ƙasa, sunana ba ya ciki.