Shayin da Na Ƙi Sha

Lokacin ina dakon goro a Zangon Kumasi, kafin a sami 'yancin kai, ɗaki ɗaya muke kwana da wani Bamoshe, baƙo kamar ni. Cikin watan azumi mota ta buge shi, asibiti suka ce sai an ƙara masa jini. Duk wanda na roƙa a unguwa sai ya kau da kai. Na tafi ni kaɗai.

Da aka gama ɗiba, wata nas ta miƙo mini shayi mai sukari. Na ce ina azumi. Ta yi ta faɗa, ni kuwa na kafe. Ina miƙewa jiri ya kwashe ni.

Na farfaɗo a kan siminti, rigata jiƙe da ruwa. A benci ga wani ɗan Asante, shi ma ya ba da jini, 'yan'uwansa sun kewaye shi suna masa fifita. Nas ta sunkuyo, ta ce da 'yar Hausarta, "Wa zai kai ka gida?"

Mutum ɗaya ne zai iya, shi kuwa yana kwance a ciki da jinina a jikinsa.