Ƙofar da Hukuma ta hana a buɗe

Hukuma ake ce mata a ɗakin wanki na asibiti, domin in ta ce a'a, ko wa za a turo mata ba ta sauyawa. Shekara goma sha tara tana wanke zannuwan gadon marasa lafiya, har sabulu ya cinye mata zanen tafin hannu. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ga baki kamar reza. Mutum ɗaya ne a duniya yake sa ta yin shiru: Inna, mahaifiyarta, tsohuwa mai ciwon asma, wadda suke kwana ɗaki ɗaya tun rasuwar mijin Hukuma. Kullum da yamma sai ta matsa wa Inna ƙafafu da man zafi, Inna kuwa tana mitar ba ta iya tausa ba.

Da annoba ta zo, mutane suka yi ta musu a titi, wasu su ce gaskiya ce, wasu su ce zuki-ta-malle. Hukuma ba ta sa baki ba, don ita jakar wanki ce take ba ta labari. A ƙa'idar aikinsu, in mara lafiya yana nan, zani ɗaya ake turowa a canza masa. In kuwa jaka ta zo da komai a ciki, zani da rigar matashi da bargo har da labulen gefen gado, to mai gadon ya riga mu gidan gaskiya. A da, takan ga irin wannan jaka uku ko huɗu a wata. A mako na biyu na annobar, bakwai ta kwance a yini ɗaya.

Ranar ba ta koma gida ba. Ta shimfiɗa kwali a ɗakin ajiyar sabulu, ta roƙi maƙwabciya ta riƙa kai wa Inna abinci bakin ƙofa. Sai ga wayar yayanta, wanda ke wani gari, rabonsa da ganin Inna shekara biyu, amma duk duniya babu wanda ya kai shi sanin haƙƙin uwa.

"Kin jefar da tsohuwa saboda aikin wanki? Me mutane za su ce?"

"Yaya, mutanen nan da za su ce, su ne za su ara mata numfashi? In ka matsu, hanya ba ta da ƙaya."

Ta kashe wayar. Amma kewa ta ci ta ƙwarai. Da yamma hannuwanta sukan rasa abin yi, ta zauna tana murza su.

Kwana arba'in da ɗaya da barinta gida, da hantsi, maigadi ya leƙo ya ce wata tsohuwa tana bakin ƙofar baya, ta ce a fito mata da 'yarta. Hukuma ta fito a guje, da takunkumi a fuska. Inna ce tsaye a bayan ƙofar ƙarfe, da sandarta, motar haya tana jiranta. Maigadi ya kai hannu ga sakata.

"Ka buɗe ƙofar nan, ni da kai ne!" in ji Hukuma. Ta ja da baya taku biyar.

"Ni kike gudu?" in ji Inna. "Ni da na wanke miki kashi? Wuce mu tafi gida."

"Ba zan je ba, Inna."

"Ƙafafuna sun kumbura, babu mai taɓa su. In mutuwa ce, a ɗaki ma tana samun mutum."

"Ta same ki, amma ba a jikina za ta hau ta zo ba."

Inna ta buga sanda a ƙasa. "In ba ki biyo ni yau ba, ban yafe miki ba."

Maigadi ya yi salati, ya kau da kai.  Tun da Hukuma take, ba ta taɓa jin maganar da ta tsorata ta irin wannan ba, kuma taku biyar kawai za ta yi Inna ta janye maganar. Ta ɗaga murya yadda tsohuwa za ta ji sarai.

"To kar ki yafe, Inna. Ki riƙe abinki da kyau. Ki yi ta fushi da ni bana, ki yi baɗi, ki ƙara da shekara goma. Mai fushi ai yana numfashi."

Inna ta dube ta tun daga ɗankwali har takalmin roba. Ba ta yafe ba. Ta juya, ta ƙi hannun da direba ya miƙo mata, ta shiga mota da kanta, ta ja ƙofa ta buga har gilashi ya girgiza.

Hukuma ta tsaya sai da motar ta sha kwana. Hawaye ya jiƙa takunkumin, ta juya wajen maigadi.

"Ka dai ji ƙarfin hannun nan ko? Shekararta tamanin fa."