Ƙafar Babanmu ta Dama

Babanmu tela ne mai keken ƙafa, kuma ƙafarsa ta dama ba ta san an tashi daga aiki ba. Yana cin abinci tana taka keken da babu shi, yana hira tana takawa. In ya zauna a benci, duk wanda ke kai sai ya yi rawar dole. Mutanen layinmu Girgiza suke ce masa, yana kuma amsawa. Mama kuwa tun kafin a haife ni mitarta ɗaya ce: "Malam, don Allah ka bar bencin nan ya huta." Sai ya ce to, ƙafar ta tsaya kamar da gaske, Mama na juya baya ta ci gaba. Hali zanen dutse.

Wata rana ya kira ni shago in zura masa zare. Na yi mamaki, don mutumin nan yana surutu yake zura zare bai taɓa kuskure ba. Ya ce allurar ce ta zama biyu, bai san wadda zai bi ba. Da na duba sai na ga fatar idonsa ɗaya ta sauko. Ashe ya kwana biyu yana fama da ciwon kai ya ɓoye, wai kada a hana shi gama ɗinkin mutane. Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi yawa.

A asibiti aka ɗauki hoton kansa. Likita ta nuna mana wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwa da gefenta ya yi rauni ya kumbura, har yana danne jijiyar ido. Ta ce in ya fashe abin ba kyau, amma ba sai an buɗe kai ba. Za a huda jijiyar saman cinya, a zura siririn bututu ya bi hanyar jini har wurin, a cika kumburin da waya mai laushi yadda jini ba zai ƙara shiga ba.

"Wato zariya za ku zura mini," in ji Baba. "Ba yanka, ba ɗinki? Likita, a shagona ba a kiran wannan aiki."

Aiki ya yi kyau. An fito da shi ba ko bandeji a kai, sai ɗan filasta a cinya. Amma nas ta ja mana kunne: ƙafar dama ta zauna a miƙe har yamma, in ta motsa wurin hudar zai iya ɓallewa da jini. Muka kalli juna ni da Mama. Duk ƙafafun duniya a rasa wadda za a ce ta yi shiru sai wannan!

Bai gama farfaɗowa ba ƙafar ta fara. Mama ta ja kujera ta ɗora hannu biyu a ƙaurinsa. Na ce mu yi karɓa-karɓa, ta ce a'a, ta daɗe tana neman ranar da za ta yi maganin ƙafar nan. Haka ta zauna har rana ta yi sanyi, yatsunta suka sage.

Mun koma gida, ido ya fara buɗewa, likita ta ce in ya ɗan huta ya koma aikinsa. Baba ya ƙi. Ya sa a ransa cewa motsi zai kwance wayar da ke kansa. Na yi bayani har na gaji, likita ma ta maimaita, bai yarda ba. Sai ya zauna a benci kamar an dasa shi, hannu a kan gwiwa yana gadin ƙafar. Hira ta ragu, abinci ma sai an matsa. Benci ya huta, amma mu ba mu ji daɗin hutun ba ko kaɗan.

Ran nan da hantsi Mama ta sa aka ɗauko keken daga shago aka ajiye a tsakar gida. Ta ɗauko tsohon zanin gado ta hau ɗinki, ita da ba ta taɓa taka keke ba. Ta taka, keken ya koma baya, zare ya tsinke. Ta zura, ta sake takawa, ya cukurkuɗe.

"Baiwar Allah, za ki karya mini allura," in ji Baba.

"Allurar wa? Ai mai keken ya yi ritaya."

Ta ci gaba da ɓarnarta, shi kuma yana cije leɓe. Ina zaune kusa da shi sai na ji bencin ya ɗan motsa. Na kalli ƙasa. Ƙafar ce take nuna wa Mama yadda ake yi, dunduniya da yatsu, a hankali, mai ita bai ma sani ba.

Mama ta tsayar da keken. Ta daɗe tana kallon ƙafar kafin ta goge ido da bakin zanin gadon.

"Malam," ta ce, "don Allah ka bar bencin nan ya huta."

Ya ce to. Ƙafar ba ta tsaya ba.