Sarkin Layi da Ƙafarsa ta Dama

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙaramin asibitin unguwar ma'aikata a shekarun baya ya ga Sarkin Layi. Shi ne dogon mutumin nan mai gyaran takalma da ke zaune a gindin katanga, dab da ƙofar shiga, da akwatinsa na katako, da basilla, da gwangwanin gam, da bakin da ba ya hutawa. Sarautar kuwa babu wanda ya naɗa shi, ita ta zo ta same shi a zaune.

Ga yadda aka yi. Asibitin nan da safe yake buɗewa, ya rufe da azahar, wato daidai lokacin da kowa ke wurin neman abinci. Mai ɗinki a kamfani ba za ta bar keke ta zo zaman layi ba, direban bas ma ba zai sauke fasinja a hanya ba. Wata rana wata mai ɗinki ta kawo masa silifas ɗinta ya tsinke, ta ce, "Baba, don Allah in ka gyara ka ajiye min shi a layi. In ya kusa ƙofa ka kira ni." Ya ajiye, ya kira, ta rugo a guje ta ga likita ta koma bakin aiki. Shi ke nan fa, magana ta bazu. Kafin wata ya zagayo, layin asibitin rabi mutane ne, rabi takalma.

Da sanda yake tura su gaba, ɗaya bayan ɗaya, kuma ya san mai kowane. Ka ji shi a waya yana cewa, "Direba, tsohon kambas ɗinka ya kusa ƙofa, sai ka hanzarta!" In wani baƙo ya yi gangancin tsallake takalman, sai ya ɗago kai ya ce, "Haba malam, ba ka ga mutane ba ne?" Nas-nas sun yi ƙorafi har sun gaji, suka koma ba shi nasu takalman yana gyarawa.

Abin da ba ya so a taɓo shi ne ƙafarsa ta dama. Ƙusa ce ta soke shi a babban yatsa, ɗan ciwo da bai kai a yi maganarsa ba, sai dai ya ƙi warkewa. Ya ɗaure da tsumma, ya yanke gaban silifas ɗinsa don ya sami sarari, ya ci gaba da harkarsa. Mutumin da ya shigar da rabin unguwa gaban likita, shi bai taɓa wuce bakin ƙofar ba.

Matarsa kullum sai ta yi masa tas. "Kai dai inuwar giginya ne, na nesa ka sha ka. Ƙafa tana wari, kana zaune a ƙofar asibiti kana tsaron takalman mutane!"

"Maman yara, in na shiga wa zai tura layin?"

"Oho dai. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba."

Ta san ba layin ba ne kaɗai. Mahaifinsa ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, kuma tun daga ranar Sarkin Layi ke tsoron farin gadon asibiti kamar mutuwarsa. Tsoro ne zalla, ya samu layi ya fake da shi.

Ana nan, wata safiya, sai ga wata mata da mayafi mara ado ta nufi ƙofa kai tsaye. Ya tare ta da sanda. "Hajiya, ina zuwa? Layi ga shi can baya."

Ta dubi takalman ta dube shi. "Ina masu layin?"

"Ga su nan kina kallo. Ko ki cire ɗaya ki bar min, ko ki tsaya da kanki."

Ta yi dariya, ta je ta tsaya bayan wani takalmin roba mai laka. Rana ta buɗe, tana ta jan sa da hira, shi kuwa abin nema ya samu. Ya ba ta labarin mai wannan takalmin, mai goyo ce da ake yanke wa albashi in ta makara. Mai wancan lebura ne, hawan jini gare shi, yanzu ko an kira shi ba ya zuwa saboda shugabansa ya gaji da ba shi izini. Sai da ta kusa ƙofa shugaban asibitin ya leƙo, ya zaro ido ya ce, "Honarabul! Ke ce a rana?" Ashe 'yar majalisar jiha ce mai wakiltar yankin. Saura kaɗan Sarkin Layi ya haɗiye ƙusar da ke bakinsa.

Ita ko a jikinta. Kafin siyasa aikin jinya ta yi, kuma hancinta bai manta ba. Ta sunkuyo ta ce, "Baba, kwance ƙafar nan in gani."

"Ranki ya daɗe, ɗan ciwo ne. Kuma in na shiga wa zai tura layin?"

"To, in dai layin ne ya hana ka, zan ɗauke maka shi. Amma kada ka jira ni, ka shiga yau."

Ya ce to, bai shiga ba. A ransa ya ce maganar 'yan siyasa ce, iska za ta kwashe. Sai dai matar nan ba ta saki ba. Ya riƙa jin ta a rediyo tana neman a buɗe ƙananan asibitoci da yamma da ranar Asabar, a ƙaro ma'aikata, a ware ɗakin da iyaye mata za su ajiye yara. Amma aikin majalisa ba ya sauri: yau kwamiti, gobe kasafi, jibi an tafi hutu. Damina ta wuce, wata ta kusa. Yatsan ya yi baƙi, kumburi ya hau idon sawu, har ya koma tura layin daga zaune.

Daga ƙarshe abin ya tabbata. Mai ɗinki ta fara zuwa da ƙafarta bayan an tashi daga aiki, lebura ya dawo karɓar maganinsa ran Asabar. Takalma suka yi ta raguwa, shi kuma yana ta mita wai matar nan ta tuɓe shi daga sarauta ba laifin tsaye ba na zaune. Ranar da ya wuni ba ko silifas ɗaya a gabansa, sai ga Maman yara da yamma, ta sha mayafi, ta tsaya a kansa.

"Yau kuma wane layi za ka tura?"

Ya duba hagu, ya duba dama. Ya ce a hankali, "Tsoro nake ji."

"Na sani. Ni ma ina ji. Tashi mu je."

Likitan yamma ya kwance tsumman, ya sa aka ɗebi jini. Ciwon suga ne, ya daɗe yana cin sa bai sani ba. Likitan ya ce yatsan kam ya riga ya tafi, ƙafar kuma za a gwada, ya tura su babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Da ya farfaɗo bayan an yi masa aiki, ya ƙi buɗe ido. Yana jin Maman yara a gefe, yana jin wata murya kuma da ya sani, ta Honarabul, tana cewa, "Baba, ka yafe ni. Da abin nan ya fito tun bara, da yatsanka na nan."

Shi kuwa ba ta yatsa yake yi ba. Ya ce, "Maman yara, ɗaga zanen ki faɗa min gaskiya."

Ta ɗaga. Ta kama diddigen da hannu biyu ta matsa. "Ka ji?"

"Na ji."

"To taka ce, tana nan."

Sai ga ƙaton mutum yana kuka kamar yaro, ba kunya ba komai, Maman yara ma tana yi, ba ta kuma saki ƙafar ba har nas ta shigo.