Ranar da Inna Ta Kasa Kiran Sunana a Jirgi

A lokacin da wannan abu ya faru ina ƙaramin ma'aikaci a wani biro, wato ofis, a Damagaram, mai son a ce ya waye, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu na unguwar Birni. Duk wanda ya san gidajenmu ya san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Tun tasowata Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai dai ta ce wancan, ko ta yi gyaran murya in waiwayo.

Na kai ta Yamai ganin likita saboda ciwon sukari. Da za mu dawo na ga doguwar hanyar mota za ta jigata ta, sai na yanka mana biye, wato tikitin jirgin sama, karon farko gare mu duka. A nan son zuciya ya ja ni. Na sha jin abokan aiki suna kwatanta yadda duwatsun garinmu suke daga sama, don haka na nace sai an ba ni kujerar bakin taga. Ma'aikaciyar da ke sayar da biye ta ce ɗaya ta rage, can gaba, kuma ta kusa da ita da mai ita. Na ce ba komai, ai tafiyar ba nisa. Inna ta zauna a baya kusa da wani dattijo, ni kuwa na wuce abina da jakar dabinon da take ci in sukarinta ya faɗi.

Ashe da safe ta yi allurarta amma ta ƙi cin komai, don tsoron kada ta yi amai a gaban mutane. Ina can na toshe kunne da waƙa, na manna salula a taga ina ɗaukar gonaki, sukarinta ya faɗi. Dattijon nan, wani manomi daga Garagumsa, shi ya ga gumi na karyo mata, hannunta na rawa. Ya tambaye ta ko tana da wani a jirgin, ta ce ɗanta yana gaba. Ya ce mene ne sunansa, sai ta sunkuyar da kai. Nan take ya gane. Ya miƙe yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya da ƙarfi wane ne ɗan farin da ya bar uwarsa a baya. Sai da ya zare abin kunnena da hannunsa kafin na ji shi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, ga shi kuwa muna sama.

Na iske ta idanu sun fara juyewa. Ma'aikaciyar jirgi ta kawo ruwan sukari muka ɗura mata, na bi da dabino. Kafin mu sauka ta dawo hayyacinta, har tana gyara lulluɓi tana ba dattijon haƙuri wai ta tayar masa da hankali. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokaci ba. Ni kuwa ko kallon banza ba ta yi mini ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Na gode wa Allah, Inna tana nan da ranta. Abin da na koya shi ne kunyar iyayenmu ba ta sauka don an shiga jirgi ko don ciwo ya kama su. Jama'a, musamman ku 'ya'yan fari, in za ku yi tafiya da tsohuwa ku bar wa wani tagar. Ku zauna inda hannunta zai taɓa ku, domin bakinta ba zai kira ku ba.